SHARHI: Tsakanin Kwalin Digiri da Akwatin Kayan Aiki

A kowace shekara Hukumar Yi wa Ƙasa Hidima, wato NYSC, tana sallamar dubban ɗaruruwan matasa da suka kammala jami'o'i da manyan kwalejojin fasaha, kowannensu riƙe da takardar shaidar cewa ya bauta wa ƙasarsa. Daga shekarar 2025 aka fara biyan masu bautar ƙasa alawus na Naira 77,000 a wata, wanda ya ɗara mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Ga da yawa daga cikinsu, wannan alawus shi ne kuɗi mafi tsoka da za su riƙa karɓa a ƙarshen wata har zuwa wani lokaci mai tsawo, domin abin da ke jiransu a waje, in an yi sa'a, shi ne koyarwa a makarantar kuɗi a kan albashin da sau da yawa bai kai wannan ba.

A irin wannan hali ne shawarar nan ta zama ruwan dare: a ajiye kwali a je a koyi sana'a. Ministoci suna faɗinta, malamai suna faɗinta a kan mumbari, iyaye ma da suka sayar da gona ko fili don biyan kuɗin makaranta sun fara faɗinta, ko da yake da sanyin murya. Tsohon Ministan Sadarwa, Farfesa Isa Ali Pantami, har littafi ya wallafa a 2022 a kan fifita ƙwarewa bisa takardar digiri kaɗai. Shawarar tana da tushe. Sai dai an sauƙaƙa ta fiye da kima, kamar dai sana'a wani ɗaki ne da ƙofarsa ke buɗe, wanda girman kai ne kawai ya hana matasa shiga. Sana'a harka ce ta zuba jari, jarin lokaci da na kuɗi, kuma kamar kowane jari tana iya kawo riba, tana iya cinye uwar kuɗi.

Akwai lokacin da wannan tambaya ba ta taso ba. A shekarun 1970, sa'ad da kuɗin man fetur ya malalo, kamfanoni da ma'aikatun gwamnati su ne suke bin ɗalibai har cikin jami'a tun ba su rubuta jarrabawar ƙarshe ba, kuma wanda ya kama aiki yakan sami gida da rancen mota ba tare da wani dogon jira ba. Jami'o'in ƙasar nan a wancan zamani ana iya ƙirga su da yatsu: Ibadan, Nsukka, Zariya, Ife, Legas da Benin, kafin a ƙara wasu bakwai a tsakiyar shekarun. Faɗuwar farashin mai a farkon shekarun 1980 ita ta fara rufe wannan babi, sa'an nan shirin tayar da komaɗar tattalin arziki, SAP, na 1986 ya zo da rage ma'aikata da karyewar darajar Naira. Ba banza ba gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa, NDE, a daidai wannan lokaci, kuma ɗaya daga cikin manyan shirye-shiryenta tun farko shi ne tura matasa wurin masu sana'a su koya. Ke nan maganar a koyi sana'a ta kusa shekara 40 a bakin hukuma. A tsawon waɗannan shekaru kuwa yawan jami'o'i bai daina ƙaruwa ba, musamman bayan da aka ba da lasisin jami'o'i masu zaman kansu a 1999, har suka haura 270 a 2024. A wannan shekarar ɗalibai kimanin miliyan 1.9 ne suka yi rajistar jarrabawar JAMB, kuma mafi yawansu jami'a suke nema, ba kwalejin fasaha ba.

Alƙaluman hukuma a kan rashin aikin yi suna iya ruɗa mai karatu. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta ce a ƙarshen 2020 kashi 33.3 cikin 100 na masu neman aiki ba su da shi. A 2023 hukumar ta fitar da kashi 4.1 cikin 100 na watanni uku na farkon shekarar. Ba ayyuka ne suka sauko daga sama a tsakani ba. Ma'aunin ne aka sauya. A da sai mutum ya yi aikin aƙalla awa 20 a mako kafin a fitar da shi daga sahun marasa aiki, amma a sabon tsari, wanda ya dace da na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, awa ɗaya a mako ta wadatar. Mai digirin da ke taya ƙanin mahaifinsa jiran shago ranar Asabar ya zama ma'aikaci a takarda. Amma akwai wani adadi a cikin rahotannin hukumar na 2023 da 2024 da ya fi wancan faɗin gaskiya: sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Nijeriya suna yinsa ne a fannin da ba na ofis ko kamfani mai rajista ba, wato noma, kasuwanci, sufuri da sana'o'in hannu. Aikin albashi mai takardar ɗauka da fansho, wanda jami'a take shirya ɗalibanta dominsa, ɗan tsibiri ne a tsakiyar kogi.

An ga yadda ake turereniya a kan wannan tsibiri. A 2012, da kamfanin Dangote ya nemi masu ilimi mai zurfi da za su tuƙa manyan motocinsa, mutum kimanin 13,000 ne suka nema, cikinsu har da masu digirin digirgir 6 da masu digiri na biyu sama da 700. A ranar 15 ga Maris, 2014, sama da mutum 500,000 da kowannensu ya biya Naira 1,000 aka gayyata jarrabawar ɗaukar aiki ta Hukumar Shige da Fice, alhali guraben ba su kai 5,000 ba. Aƙalla mutum 15 ne suka rasa rayukansu a turmutsutsin da aka yi a filayen wasa na Abuja da wasu birane. Ga kuma ƙa'idar shekaru da bankuna da manyan kamfanoni suke gindayawa, sau da yawa 26 ko 27, a ƙasar da yajin aikin malaman jami'a ya ci wata 9 a 2020, ya kuma ci wata 8 a 2022. Matashin da ya ƙara shekara biyu ko uku yana yawo da takardu daga ofis zuwa ofis, ba lokaci kaɗai yake ɓatawa ba. Damar da yake jira ita ma tana tsufa.

A ɗaya ɓangaren kuwa, duk wanda ya taɓa yin gini a Legas, Abuja ko Fatakwal ya san cewa idan aka zo aikin tayil da filasta da kwalliyar silin, 'yan kwangila sukan nemi ma'aikata daga Togo da Jamhuriyar Benin, kuma su biya su fiye da na gida ba tare da ƙorafi ba, saboda layinsu yakan fita a miƙe kuma sukan cika alkawari. Lokacin gina matatar man Dangote a Lekki, wadda aka ƙaddamar a watan Mayun 2023, an shigo da ƙwararrun ma'aikata daga ƙasashen Asiya domin wasu ayyukan haɗa na'urori da walda ta musamman. Abin mamaki ne ƙasar da matasanta ke mutuwa a layin neman aiki ta riƙa biyan kuɗin waje don ɗauko mai walda. Amma ba a rasa masu walda a Nijeriya ba. Kowace unguwa akwai mai ƙera ƙofa da taga. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai waldar da zai haɗa bututun da zai ɗauki gas mai ƙarfi, a gwada aikinsa da na'ura a same shi ba aibu, kuma yana da takardar da ke tabbatar da haka. Tazarar da ke tsakanin waɗannan biyu ita ce wurin da kuɗin yake.

Sauye-sauyen tattalin arziki na baya-bayan nan ma sun buɗe wasu ƙofofi. Janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya sa janareta ya zama kaya mai nauyi ga gidaje da ƙananan masana'antu, sa'an nan ƙarin kuɗin wuta ga rukunin A zuwa Naira 225 kan kowane ma'auni a watan Afrilun 2024 ya ƙara tura jama'a ga sola. Kowane faifan sola da batir da inbata da aka sayo yana buƙatar wanda zai lissafa nauyin wutar gidan, ya haɗa, ya kuma dawo gyara. Haka nan shirin gwamnati na mayar da motoci masu amfani da gas ya haifar da buƙatar makanikai masu horo na musamman, domin kuskure a wannan aiki gobara ce. Motocin zamani kuwa cike suke da kwamfuta, har ta kai bakaniken da bai iya karanta abin da na'urar bincike ta nuna ba sai ya koma canki-canka, yana sauya kayan gyara ɗaya bayan ɗaya da kuɗin mai mota.

Yadda aka yi ƙasar ta rasa irin waɗannan ƙwararru ba ɓoyayyen abu ba ne. Tsofaffin makanikai da masu aikin lantarki da ake ji da su, akasarinsu ba a gefen titi suka koya ba. Sun fito ne daga wuraren gyara na hukumar jiragen ƙasa a Ebute Metta, Inugu da Zariya, da masaƙun Kakuri a Kaduna, da kamfanonin haɗa motoci irin su Peugeot na Kaduna da Volkswagen na Legas, inda ake koyar da yaro auna abu da ma'auni da bin zane. Da masana'antu suka durƙushe, masaƙar UNTL ta rufe a 2007, kamfanonin taya na Michelin da Dunlop suka daina sarrafawa a ƙasar a tsakanin 2007 da 2008, sai waɗannan makarantu na zahiri suka tafi tare da su. Tsarin ilimi na 6-3-3-4, wanda ya samo asali daga manufar ilimi ta ƙasa ta 1977, an tsara shi ne don yaro ya taɓa zarto da guduma tun a ƙaramar sakandare, amma a makarantu da dama injunan da aka sayo daga waje sun ruɓe a cikin akwatunansu saboda babu wuta, babu malami, wani wurin ma babu ɗakin da za a girka su.

Gwamnati da kanta ta koya wa iyaye raina ilimin fasaha. Shekara da shekaru mai babbar difloma ta HND yana shiga aikin gwamnati a ƙasa da mai digiri, kuma akwai matakin da ba ya wucewa komai ƙwazonsa. Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudurin soke wannan bambanci a 2021, amma har Shugaba Muhammadu Buhari ya sauka a 2023 bai sa masa hannu ba. Uban da ya ga haka, ya dage sai ɗansa ya shiga jami'a ko da kwas ɗin da aka ba shi ba shi da kasuwa, ba wauta ya yi ba. Ya karanta farashin da hukuma ta sa wa kowace takarda ne. Hatta wajen neman aure, tambayar da akan fara yi ita ce a ina yake aiki, kuma amsar da ta ƙunshi sunan ma'aikata takan fi daɗin ji a zaure, ko da kuwa mai garejin da ke gefe ya ninka ma'aikacin samu.

To, matashin da ya yanke shawarar juyawa ga sana'a, lissafin farko da ke gabansa shi ne na lokaci. Tun 2012 NYSC take da shirin koyar da sana'o'i a sansanoninta, kuma gwamnatocin jihohi da 'yan siyasa suna yawan shirya horon mako biyu ko wata guda, a raba keken ɗinki a ɗauki hoto. Irin wannan horo yakan karkata ga abin da ke da sauƙin koyarwa: haɗa sabulu da man shafawa, yin cincin da kek, kwalliya, ɗinki na farko-farko. Matsalar a fili take ga duk wanda ya san kasuwa. Abin da za a iya koya cikin mako biyu, kowa ma zai iya koyonsa cikin mako biyu, don haka masu yinsa za su yi yawa, farashi ya faɗi, riba ta ƙare. Sana'ar da ke biya ita ce wadda wahalar koyonta take tsare ƙofarta, kuma wannan yana nufin shekara biyu zuwa huɗu a ƙarƙashin wani, ana samun na abinci da na mota kawai. Mai shekara 26 da iyayensa ke jiran ya fara ɗaukar nauyin ƙannensa, wannan ba ƙaramin farashi ba ne. Sai kuma haƙurin zama yaron shago a wurin maigidan da wataƙila bai gama firamare ba, wanda zai aike shi sayo abinci, ya kuma yi masa tsawa a gaban masu kawo aiki. Da yawa a nan suke karaya, ba a wajen aikin kansa ba.

Bayan an ƙware sai maganar jari, kuma a nan ne masu wa'azin sana'a sukan yi shiru. Injin walda, na'urar binciken mota, injin yankan tayil, duk daga waje ake shigo da su, kuma farashinsu ya bi Dala tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023. Mai shago yana son hayar shekara guda ko biyu a dunƙule. Wuta kuwa sai an tanadi janareta. Banki ba ya kallon wanda ba shi da kadarar jingina, in ma ya kalle shi, Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100 a watan Nuwamban 2024, abin da ke nufin ɗan ƙaramin mai sana'a zai karɓi rance a kan fiye da haka. Sa'an nan mai sana'a yana cin abinci ne daga aljihun jama'a. A lokacin da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disamban 2024, magidanci ya fi tunanin buhun masara a kan sabon ɗinki ko fentin gida. Babu albashin ranar da aka kwanta ciwo, babu fansho, kuma aikin ƙarfi yana da shekarun da jiki zai ce ya isa. Ba a faɗi wannan don a kashe wa kowa gwiwa ba, sai don kada a shiga da ido a rufe.

Duk da haka, idan aka ɗora wannan a kan sikeli tare da zaman jiran aikin da babu tabbacin zuwansa, sana'a ta fi nauyi, musamman ga wanda ya zaɓa da hankali. Kuskure ne a ɗauka cewa shekarun jami'a sun tafi a banza. Wanda ya karanta kimiyyar lissafi ko injiniya ya fi saurin gane dalilin da ya sa waya ke zafi ko batir ke mutuwa da wuri. Wanda ya karanta harkar kuɗi ya san bambancin ciniki da riba, abin da ya durƙusar da ƙwararrun masu sana'a da yawa waɗanda hannunsu ke da kyau amma ba su taɓa rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita ba. Mai ilimi zai iya karanta littafin da ya zo da na'ura, ya rubuta takardar farashi, ya yi wa kamfaninsa rajista, ya nemi kwangila a asibiti ko otal, inda ba a ba da aiki da fatar baki. Hanyarsa ba ta tsaya ga zama bakanike na 20 a layi ɗaya ba. Tana iya kai shi ga zama wanda zai ɗauki sauran aiki. Amma hakan ba ya samuwa ga wanda ya ɗauki garejin a matsayin wurin fakewa kafin sunansa ya fito a jerin waɗanda aka ɗauka aikin kwastan. Maigida yakan gane irin wannan yaro tun a makon farko, kuma ba ya buɗe masa sirrin aiki.

Ƙasar nan tana da nata dabaru da suka riga na hukuma. Tsarin koyon kasuwanci da sana'a na Igbo, wanda ya gina kasuwannin Onitsha, Nnewi, Ariaria ta Aba da Alaba ta Legas, ya warware matsalar da ta gagari shirye-shiryen gwamnati: bayan yaro ya yi wa maigidansa hidima na wasu shekaru, maigidan ne ke sallamarsa da jari, ya kuma haɗa shi da masu ba da kaya bashi. Horo da jari da kasuwa a ƙulli ɗaya suke zuwa. Rauninsa shi ne yawanci babu rubutacciyar yarjejeniya, don haka akan sami maigidan da zai ƙirƙiro laifi ana dab da sallama. A Kaduna kuma, kasuwar Panteka, inda ake ƙera abubuwa daga tukunya har injin niƙa, ta sami haɗin gwiwa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, domin a gwada masu sana'a a ba su takardar shaidar ƙwarewa ta ƙasa. Wannan takarda tana da amfani na zahiri. Mai gida da ke neman wanda zai yi masa wayarin ba shi da hanyar bambance gwani da ɗan koyo sai bayan aiki ya lalace, saboda haka yakan taya kowa da farashin ɗan koyo, gwanin kuma ya rasa dalilin ƙara ƙwarewa. A Jamus, inda matashi ke raba makonsa tsakanin kamfani da makarantar sana'a na kimanin shekara uku ana biyansa, takardar da yake fita da ita kowane mai ɗaukar aiki ya san abin da take nufi.

A 2025 Gwamnatin Tarayya ta ɗauki matakai biyu da suka nuna an fara gane inda gizo ke saƙar. Ma'aikatar Ilimi a ƙarƙashin Dokta Tunji Alausa ta sanar da karatu kyauta tare da alawus ga ɗaliban kwalejojin fasaha na tarayya, sa'an nan a watan Agusta Majalisar Zartarwa ta dakatar da kafa sababbin manyan makarantun tarayya na tsawon shekara 7. Sai dai jama'a sun ga shirye-shirye da yawa sun zo sun wuce. N-Power, wanda aka fara a 2016 da alawus na Naira 30,000, ya ɗebi dubban ɗaruruwan masu digiri na ɗan lokaci, ya sake su ba tare da yawancinsu sun riƙe wata sana'a ba, kafin a dakatar da shi don bincike a 2023. Ba yawan waɗanda aka yi wa rajista ne ma'aunin nasara ba, yawan waɗanda ke cin abinci da abin da suka koya bayan shekara uku shi ne, kuma wannan adadi ne ya kamata hukumomin da abin ya shafa su riƙa bugawa.

Akwai kuma kuɗin da tuni doka ta tanada. Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, ITF, mai hedikwata a Jos, wanda aka kafa a 1971, yana karɓar kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin shekara daga kamfanonin da dokarsa ta shafa, kuma gyaran da aka yi wa dokar a 2011 ya ba da damar a mayar wa kamfani har rabin abin da ya biya idan ya horar da ma'aikatansa. Babu abin da zai hana a faɗaɗa wannan rangwame ga kamfanin gini, na sola ko na gyaran motoci da ya ɗauki mai digiri a matsayin ɗan koyo na shekara biyu bisa rubutacciyar yarjejeniya, da ɗan albashi, da jarrabawar NBTE a ƙarshe. Haka nan Asusun Rancen Ɗalibai, NELFUND, da ya fara aiki a 2024, idan zai iya biya wa matashi kuɗin shekara huɗu a jami'a, zai iya ba shi rancen injin walda da hayar shago a ranar da maigidansa ya sallame shi.